Matasan 'yan wasa a ƙananan gasannin besbol na Amurka

Matasan 'yan wasa a ƙananan gasannin besbol su ne waɗanda kulob-kulob na babbar gasar besbol ta Arewacin Amurka, wato Major League Baseball ko MLB, suka ɗauka da kwantiragi, amma ba su kai ga buga wa babban kulob wasa ba tukuna. Ana tura su ƙananan kulob-kulob da ke ƙarƙashin Minor League Baseball, inda suke hawa mataki bayan mataki har a kira su babbar gasa ko kuma a sallame su. A Turancin wasan, matashin da ake sa ran zai kai babbar gasa ana ce masa prospect.

MLB tana da kulob 30, kuma tun shekarar 2021 kowanne yana da ƙananan kulob huɗu masu buga cikakkiyar kaka, jimilla 120 ke nan, ban da na sababbin shiga. Yawancin matasan sukan yi shekaru da dama a wannan tsani, kuma kaɗan ne ke kaiwa ƙarshensa. Wani bincike da mujallar Baseball America ta yi ya nuna cewa cikin waɗanda aka zaɓa suka kuma sa hannu, waɗanda suka taɓa buga ko da wasa ɗaya a babbar gasa ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Wasan da kalmominsa

Ana buga besbol tsakanin ɓangarori biyu, kowanne da mutum tara a fili. Mai jifa yana jefa ƙwallo, mai bugu kuma yana ƙoƙarin dukanta da sanda, sannan ya zagaya tashoshi huɗu domin ya ci maki. Ana auna mai bugu da matsakaicin bugu, wato a raba adadin bugun da ya yi nasara da adadin damar da ya samu. Wanda ke da .300 ya yi nasara sau uku cikin goma, kuma ana ɗaukarsa gwani.

Da yawa daga cikin kalmomin da ake amfani da su kan matasan an aro su ne daga noma. Ƙananan kulob-kulob na babban kulob ana kiransu farm system, ma'ana gonar da ake renon shuka kafin girbi. Babbar gasa kuwa 'yan wasa na yi mata laƙabi da The Show. Idan aka kira mutum babbar gasa ya yi 'yan kwanaki aka mayar da shi, sai a ce ya sha cup of coffee, wato bai zauna ba sai gwargwadon shan kofi ɗaya na gahawa.

Tarihi

An kafa ƙungiyar da ta haɗa ƙananan gasanni, National Association of Professional Baseball Leagues, a shekarar 1901. A wancan lokaci ƙananan kulob-kulob masu zaman kansu ne. Sukan nemo matasa, su horar da su, sannan su sayar da su ga babban kulob ɗin da ya fi taya su da tsada.

Branch Rickey, wanda ke tafiyar da St. Louis Cardinals, shi ne ya sauya wannan tsari a shekarun 1920. Kulob ɗinsa ba shi da kuɗin da zai yi gogayya da masu arziki wajen sayen 'yan wasa, sai ya riƙa sayen ƙananan kulob-kulob ko ƙulla yarjejeniya da su, yana tara ɗaruruwan matasa a kan kuɗi kaɗan. Cardinals ta lashe kofin World Series sau shida tsakanin 1926 da 1946, sauran kulob-kulob kuma suka kwaikwayi tsarin. Kwamishinan wasan na lokacin, Kenesaw Mountain Landis, bai goyi bayan tsarin ba, domin a ganinsa ana ɓoye matasa ana hana su ci gaba. A 1938 ya 'yantar da gommai daga cikin 'yan wasan da Cardinals ke riƙe da su.

Ta wannan hanya ce Jackie Robinson ya bi kafin ya kawo ƙarshen wariyar launin fata a babbar gasa. Rickey, wanda ya koma Brooklyn Dodgers, ya tura shi Montreal Royals a Kanada a 1946, inda ya yi bugun .349, sannan ya shiga babbar gasa a 1947. Ƙananan gasanni sun kai ƙololuwarsu a 1949 da gasa 59 da kulob 448, daga nan yaɗuwar talabijin ta sa da yawa suka rushe. An soke kakar 2020 gaba ɗaya saboda annobar korona, kuma a 2021 MLB ta karɓi ragamar tsarin kai tsaye, ta rage kulob-kulob masu alaƙa da ita daga 160 zuwa 120.

Hanyoyin shiga

Zaɓen sababbin 'yan wasa

Matasan Amurka da Kanada da Puerto Rico suna shiga ne ta hanyar zaɓen da ake yi kowace shekara. An fara shi a 1965, kuma Rick Monday ne na farko da aka zaɓa, Kansas City Athletics ce ta ɗauke shi. Waɗanda suka cancanta sun haɗa da masu kammala sakandare, da ɗaliban ƙananan kwalejoji, da ɗaliban jami'a da suka gama shekara ta uku ko suka cika shekara 21. Kulob-kulob da suka fi yin rashin nasara a kakar da ta wuce su ne ke fara zaɓe, amma tun 2023 ƙuri'a ake jefawa kan gurbi shida na farko. Zaɓen yana da zagaye 40 daga 2012 zuwa 2019, aka rage shi zuwa biyar a 2020, ya kuma tsaya a 20 tun 2021.

Wanda aka zaɓa ba shi da ikon tattaunawa da wani kulob. Ko dai ya sa hannu da wanda ya zaɓe shi, ko ya koma makaranta ya jira wani zaɓen. Kuɗin sa hannu ya bambanta matuƙa. Paul Skenes, wanda Pittsburgh Pirates ta zaɓa na farko a 2023, ya karɓi dala miliyan 9.2, alhali ɗalibin ajin ƙarshe na jami'a, wanda ba shi da inda zai koma, yakan sa hannu a kan 'yan dubban daloli.

'Yan ƙasashen waje

Matasan sauran ƙasashe ba sa shiga zaɓe. Kulob na iya ɗaukarsu tun suna da shekara 16, kuma tun 2021 ana buɗe lokacin sa hannu ne ranar 15 ga Janairu, maimakon 2 ga Yuli kamar da. Akwai iyakar kuɗin da kowane kulob zai kashe a kansu a shekara. Mafi yawansu suna fitowa ne daga Jamhuriyar Dominika da Venezuela. Dukkan kulob 30 suna da makarantun horo a Jamhuriyar Dominika, inda yaran ke kwana, suna cin abinci, suna kuma buga gasar Dominican Summer League da aka kafa a 1985.

Kafin yaro ya kai ga kulob, yawanci yana hannun masu horarwa masu zaman kansu da ake kira buscones da Sifaniyanci, ma'ana masu nema. Su ke ciyar da shi da horar da shi, sannan su ɗauki kaso daga kuɗin sa hannunsa. Ana sukar wannan tsari saboda alkawuran baki da ake ƙullawa da yara tun ba su kai shekarun sa hannu ba, da barin makaranta, da ƙaryar shekaru. MLB ta nemi a kafa zaɓe na ƙasa da ƙasa, amma tattaunawarta da ƙungiyar 'yan wasa ta watse a watan Yulin 2022.

Harshe ma wani shinge ne. Matashin da ya tashi da Sifaniyanci yakan tsinci kansa a ƙaramin garin Amurka yana ɗan shekara 18 ko 19, ga koci na ba da umarni da Turanci. Saboda haka kulob-kulob ke koyar da Turanci a makarantunsu, kuma tun 2016 an wajabta wa kowane babban kulob ya ajiye tafintan Sifaniyanci.

Matakan tsani

Matakan, daga ƙasa zuwa sama, su ne:

Matakin sababbin shiga: Dominican Summer League, Arizona Complex League da Florida Complex League. Ana buga su a filayen horon kulob-kulob, kusan babu 'yan kallo.

Single-A: gasannin California, Carolina da Florida State. A nan matashi ke fara buga cikakkiyar kaka, wasa 132.

High-A: gasannin Midwest, Northwest da South Atlantic, su ma wasa 132. Vancouver Canadians, wanda ke wannan mataki, shi kaɗai ne kulob ɗin da ke wajen Amurka cikin 120 ɗin.

Double-A: gasannin Eastern, Southern da Texas, wasa 138.

Triple-A: International League da Pacific Coast League, wasa 150.

Masana wasan na ganin tsallakawa zuwa Double-A ita ce jarrabawa mafi wuya, domin a nan ne mai bugu ke fara haɗuwa da masu jifa da ke iya lanƙwasa ƙwallo su kuma saka ta inda suke so. Wanda ya yi fice a Double-A ana iya kiransa babbar gasa kai tsaye. Triple-A kuwa cakuɗe ne na matasa da tsofaffin hannu waɗanda suka taɓa buga babbar gasa, ana ajiye su don cike gurbin wanda ya ji rauni.

Babban kulob ne ke biyan 'yan wasa da masu horarwa, shi ne kuma ke yanke shawarar wanda zai hau da wanda zai sauka. Mai ƙaramin kulob aikinsa filin wasa da sayar da tikiti. Wannan ya sa cin wasa ba shi ne babban buri ba. Ana iya cire mai jifa yana tsaka da taka rawar gani saboda ya cika adadin jifan da aka yanka masa, ana kuma iya ɗauke gwarzon kulob ana gab da wasannin neman kofi.

Sabon shiga yana da abubuwa da dama da zai saba da su. A sakandare da jami'a da sandar ƙarfe ake bugu, a nan kuwa ta katako ce, wadda ba ta tura ƙwallo da nisa sai an same ta daidai. Ana wasa kwana shida a mako, a huta ranar Litinin, kuma a ƙananan matakai tafiye-tafiyen duk a bas ake yin su.

Yadda ake auna matashi

Masu zaƙulo 'yan wasa suna amfani da ma'auni daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin daidai da matsakaicin ɗan wasan babbar gasa, 80 kuma ke nufin wanda ba kasafai ake samun irinsa ba. Ga 'yan wasan fili ana duba abubuwa biyar: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tare ƙwallo da ƙarfin hannu wajen jifa. Ga masu jifa ana ba kowane irin jifa makinsa, a kuma duba iya saita ƙwallo. Ana la'akari da shekaru sosai. Ɗan shekara 19 da ke yin matsakaicin wasa a Double-A ya fi daraja a idon masana a kan ɗan shekara 24 da ke haskakawa a Single-A.

Baseball America tana fitar da jerin matasa 100 mafi daraja tun 1990, wasu kafafen ma suna fitar da nasu. Zaɓaɓɓu daga cikinsu na buga wasan Futures Game da aka fara a 1999, da kuma gasar Arizona Fall League mai kulob shida da aka fara a 1992. Matsayin matashi a waɗannan jerin yana da tasiri a kasuwa, domin kulob mai neman kofi yakan ba da matasa biyu ko uku ya karɓi gogaggen ɗan wasa ɗaya.

Rauni shi ne abin da ya fi rushe hasashe, musamman ga masu jifa. Tsinkewar jijiyar gwiwar hannu na buƙatar tiyatar da ake kira Tommy John, da sunan ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Jinyarta kan ɗauki shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi.

Dokokin riƙe ɗan wasa

Kulob yana riƙe da matashi na tsawon shekaru, amma akwai dokokin da ke hana a binne shi a ƙasa. Wanda ya sa hannu yana da shekara 18 ko ƙasa da haka dole a saka shi cikin jerin mutum 40 na babban kulob kafin kaka biyar ta cika, wanda kuma ya sa hannu yana da 19 ko fiye, kafin kaka huɗu. Idan ba a yi ba, wani kulob na iya ɗauke shi a zaɓen Rule 5 na watan Disamba a kan dala 100,000, bisa sharaɗin zai riƙe shi a babbar gasa duk kakar, in ba haka ba ya yi tayin mayar da shi a kan rabin kuɗin. Ta irin wannan zaɓe ne Pirates ta ɗauko Roberto Clemente daga hannun Dodgers a 1954.

Ana kuma zargin kulob-kulob da jinkirta kiran matashi da gangan. Ɗan wasa na samun 'yancin zuwa inda ya ga dama bayan cikakkun shekaru shida a babbar gasa, kuma kwana 172 ne ke zama shekara guda. A 2015 Chicago Cubs ta bar Kris Bryant a Triple-A har zuwa 17 ga Afrilu, ya kammala kakar da kwana 171, abin da ya ba kulob ɗin ƙarin shekara guda a kansa. Ya shigar da ƙorafi amma bai yi nasara ba. Yarjejeniyar 2022 ta tanadi ƙarin gurbin zaɓe ga kulob ɗin da ya fara kaka da babban matashinsa idan matashin ya ci wasu kyaututtuka, kuma Seattle Mariners ta samu irin wannan gurbi ta dalilin Julio Rodríguez.

Albashi da yanayin rayuwa

Shekaru da dama albashin ƙananan gasanni bai kai mafi ƙarancin albashin ma'aikata a Amurka ba. Kafin 2021 mafi ƙarancinsa dala 290 ne a mako a ƙananan matakai, dala 502 kuma a Triple-A, sannan a lokacin kaka kaɗai ake biya, ba a biyan atisayen share fage. 'Yan wasa kan cunkushe su biyar ko shida a gida ɗaya, ko su zauna da iyalan da suka ɗauki nauyin ba su masauki, idan kaka ta ƙare kuma su nemi aikin ƙarfi.

A 2014 wasu tsofaffin 'yan wasa, ciki har da Aaron Senne, suka kai MLB kotu kan albashi. A 2018 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Save America's Pastime Act, wadda ta cire su daga kariyar dokar tarayya kan mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokaci. Duk da haka an sasanta shari'ar a 2022 a kan dala miliyan 185. A wannan shekarar ce kulob-kulob suka fara ba yawancin 'yan wasan masauki, kuma a watan Satumba suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasan MLB.

Yarjejeniyarsu ta farko, ta 2023, ta ɗaga mafi ƙarancin albashin shekara zuwa dala 19,800 ga sababbin shiga, 26,200 a Single-A, 27,300 a High-A, 30,250 a Double-A da 35,800 a Triple-A. A wannan shekarar mafi ƙarancin albashin babbar gasa dala 720,000 ne. Sai dai yarjejeniyar ta ba da damar rage yawan matasan da kowane kulob zai riƙe a cikin gida daga 180 zuwa 165 daga 2024, wato albashi ya ƙaru amma guraben sun ragu.

Misalai

Wasu matasan kan haye tsanin da sauri. Skenes bai cika shekara guda ba tsakanin zaɓensa da wasansa na farko ranar 11 ga Mayun 2024. Juan Soto, wanda Washington Nationals ta ɗauka daga Jamhuriyar Dominika a 2015 a kan dala miliyan 1.5, ya fara kakar 2018 a Single-A, ya shiga babbar gasa a watan Mayu yana ɗan shekara 19. Mike Trout, na 25 a zaɓen 2009, ya shiga babbar gasa a Yulin 2011 amma ya yi bugun .220 kawai a wasa 40. Ya fara kakar 2012 a Salt Lake, ya yi bugun .403 a wasa 20, aka dawo da shi, ya kuma lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasa.

Wasu kuma an raina su da farko. Albert Pujols shi ne na 402 a zaɓen 1999, amma kaka ɗaya tak ya yi a ƙananan gasanni. Mike Piazza shi ne na 1,390 a 1988, kuma Dodgers ta zaɓe shi ne don mutunta abotar mahaifinsa da kocinta Tommy Lasorda. A 2016 an saka shi a zauren karramawa na besbol.

Zama na farko a zaɓe ma ba tabbaci ba ne. Steve Chilcott, wanda New York Mets ta fifita a kan Reggie Jackson a 1966, bai taɓa kaiwa babbar gasa ba saboda raunin kafaɗa. Brien Taylor, na farko a 1991, ya karɓi dala miliyan 1.55 daga New York Yankees, ya ji rauni a kafaɗa a wani faɗa a Disambar 1993, shi ma bai kai ba. Mark Appel, na farko a 2013, ya bar wasan a 2018, ya dawo, sai a 2022 ya buga wasansa na farko da Philadelphia Phillies yana da shekara 30. John Lindsey kuwa kaka 16 ya yi a ƙasa kafin Dodgers ta kira shi a 2010.

'Yan Afirka

Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu shi ne ɗan wasa na farko haifaffen nahiyar Afirka da ya buga babbar gasa. An haife shi a 1990, ya kuma tashi a wani ɗan ƙaramin ɗaki a ginin kulob ɗin Randburg Mets kusa da Johannesburg, inda mahaifiyarsa ke aiki. Pirates ta gan shi a sansanin horo na MLB da ke Tirrenia a Italiya, ta ɗauke shi a 2008. An san shi da ƙwarewa wajen tare ƙwallo, amma raunin bugunsa ya sa ya yi fiye da kaka takwas a ƙananan gasanni, yana bi ta State College, West Virginia, Bradenton, Altoona da Indianapolis. Mahaifiyarsa ta rasu a 2013 yana kan wannan hanya.

Ya buga wasansa na farko ranar 26 ga Afrilun 2017 da Cubs, kuma a damarsa ta farko ya yi nasarar bugun jifan Jon Lester. Daga baya ya koma Toronto Blue Jays, kuma jimillar wasanninsa a babbar gasa ba su kai 50 ba. Tayler Scott, shi ma ɗan Afirka ta Kudu, ya shiga babbar gasa a matsayin mai jifa a 2019 da Mariners. A 2022 Dodgers ta ɗauki matasa biyu 'yan Yuganda, Ben Serunkuma da Umar Male, sannan Pirates ta ɗauki ɗan ƙasarsu David Matoma a 2023.